Wa Ya Yanke Ragar Turi?

Thulimbah, 6 ga Yuli, 1984

Zuwa ga 'yata Loretta,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da 'yar ƙaramar Tessa. Ya aikin asibiti, ya zafin Townsville? Mu nan sanyi ya kusa ganin bayanmu.

Na san kin ji a rediyo dusar ƙanƙara ta sauka mana ranar Laraba. Shekarata talatin da ɗaya a garin nan, ƙanƙara mai jifa na sani, wadda ke fasa tuffa a kan bishiya, amma ban taɓa ganin wannan farar abar ta kwanta har ta rufe idon sawu ba. To, ba labarin sanyi ya sa na ɗauki biro ba. Kin san ni, ba na shiga abin da ba ruwana. Amma Turi ƙanena ne, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma ke 'yarsa ce.

Wajen ƙarfe goma na taka zuwa gidan uwarki in ga ko tana da itace. Me zan tarar? Unguwa kaf a gangaren bayan gidanta. Yaran gidan Zanatta suna sulu a kan buhunan taki, Misis O'Keefe da girmanta tana jifan mijinta da dunƙulen dusa. Uwarki kuwa, wadda shekara ɗaya da rabi ba ta nuna wa kowa haƙori ba, ko ranar Kirsimeti, tana zaune a kujera ta lulluɓe da mayafi tana dariya har da hawaye. Sun gina mutum-mutumi da dusar, sun ɗora masa hular babanki. Hular Turi, Loretta!

Wa kike tsammani ke cikin kicin ɗinta yana juya mata miya? Dowsett, baƙon nan na makwabta da ya zo daga Batlow shekara huɗu da suka wuce. Ni da nake yayar mijinta ba ta taɓa bari na taɓa ludayinta ba.

Wannan duk mai sauƙi ne. Ragar da babanki ya shimfiɗa a kan gonar tuffa don tare ƙanƙara, aikinsa na ƙarshe a duniya, an yanke ta daga wannan kai zuwa wancan. Layi goma sha biyar, duk tana lilo kamar tsumma. Na ce, "Nerina, wa ya yi wannan ɗanyen aikin?" Ta ce, "Pina, zauna ki sha miya." Na juya ga shi gogan, sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Sai dai a yanka, Misis." Doguwar sanda da wuƙa ɗaure a bakinta kuwa tana jingine a motarsa, da idona na gani. Da sassafen ranar ma ya zo ƙofarmu wai mu yanke tamu, kawunki Alfio ya kore shi da tsintsiya.

Kin manta sau biyu yana neman babanki ya sayar masa da filin ƙasa mai tafki, Turi ya ƙi? Gonar da ba raga, ƙanƙarar bazara ɗaya ta ishe ta. Daga nan kuma matar da ba miji me za ta yi in ba sayarwa ba? Ni dai ban ce komai ba.

Ki gaishe da mutanen gidan. Kada ki ce ni na faɗa miki.

Taki,
Gwaggo Pina

*

Townsville, 11 ga Yuli, 1984

Mama,

Barka da sanyi. Ina fatan kina lafiya kuma murhu bai mutu ba. Tessa tana gaishe ki, ta dame ni da tambaya wai dusar ƙanƙara ana cin ta ne. Na buga miki waya ya fi sau biyar, aka ce layin ya tsinke tun ranar dusar.

Na ji an yi shagali a gidanki. Na yi murna, Allah na gani, don na daɗe ina roƙon ki fita ki ga mutane. Amma ki ba ni labari da kanki. Su wa suka zo? Wa ya yi girki? Gona fa, komai lafiya? Ragar Baba ba ta sami matsala ba?

Ba na so ki ga kamar ina tsare ki, amma bari in tuna miki. Bara, da kika faɗo daga tsani kika kwana tara a gadon asibiti, kin riƙe hannuna kin yi min alkawari. Kin ce kin gama da tsani har abada, kuma ranar da ƙafarki ta sake taka shi, ki tattara kayanki ki dawo wurinmu, ba musu. Ke kika faɗa, ban tilasta ki ba. Ɗakin yana nan, na sa masa sabon labule. Shekararki saba'in da uku, kina zaune ke kaɗai, tsakanina da ke tafiyar kwana biyu. Kullum wayar gidan nan ta yi ƙara sai gabana ya faɗi.

Sannan ki yi hankali da masu shigo miki gida da fara'a. Ba kowane mai kawo itace ne ke nufin ki da alheri ba.

Ki amsa min da wuri, kuma ki amsa abin da na tambaya.

'Yarki,
Loretta

*

Thulimbah, 16 ga Yuli, 1984

Loretta 'yata,

Gaisuwa da sa albarka, gare ki da mijinki Graham da jikata. Sanyi ya ƙage min yatsu, shi ya sa na sa a rubuta min. Maganar dai tawa ce.

"Na ji an yi shagali." A wurin wa kika ji? Tsuntsuwar da ta kai miki labari na san ta, tana da tawadar Allah a haɓa.

To, an yi shagali, kuma ban tuba ba. Na buɗe ƙofa na ga duniya ta yi fari fat, ta yi tsit, ko karen Zanatta bai yi haushi ba. Rabona da ganin haka tun ina 'yar shekara goma sha tara a ƙauyenmu, a gindin dutse. Sai ga yara da buhuna suna neman izinin gangarena. Na ce su hau. Kafin ki ce me, iyayensu sun biyo su wai sun zo mayar da su gida, sai ga iyayen a kan buhu. Mista O'Keefe ya gangara da baya ya shige shingen inabi, matarsa ta tsaya a kansa tana cewa, "Tashi, tsohon banza, shekara arba'in ina jiran in ga abin da zai kayar da kai."

Ki gaya wa Tessa ana ci mana. Na nuna musu yadda kakarki take yi mana. Ba a ɗibar ta sama, ba a ɗibar ta ƙasa, ta tsakiya ake ɗiba da cokali a zuba a kofi. A ɗiga dafaffen ruwan inabi mai kaurin nan da nake ajiyewa a kwalba, a matse lemon tsami kaɗan. Mutum ashirin da biyu suka sha, kofunana ba su isa ba, har da na awon gari aka yi amfani. 'Yar autar Zanatta ta sha uku ta ce min, "Kaka, gobe ma ki sa a yi." Na ce zan yi wa Fada na cocinmu magana.

Aka yi miyar wake, aka gasa burodin jiya a kan murhu. Ba wani abu ba ne, abincin kullum ne, amma ban san rabon da in ji ɗanɗanon abinci haka ba. Na yi farin ciki, Loretta. Na faɗa miki ne kai tsaye don na san wasu sun kai miki shi kamar laifi.

Da rana ta yi sai komai ya fara narkewa, kowa ya kama gabansa da jiƙaƙƙun safa.

Itatuwa lafiya lau, ko reshe ɗaya bai karye ba. Labulen kuma ki sa wa baƙi. Ina nan inda nake.

Allah ya tsare ku.

Uwarki,
Nerina

*

Townsville, 20 ga Yuli, 1984

Gwaggo,

Gaisuwa da girmamawa, da fatan ke da Kawu Alfio kuna lafiya. Na gode da wasiƙarki. Da farko na ɗauka kin ƙara gishiri, ki yafe min. Yanzu hankalina ya fi naki tashi.

Mama ta amsa min, amma ba da hannunta ba. Rubutun namiji ne, manyan baƙaƙe irin na masu rubutu a jikin akwatin tuffa. Wai sanyi ya ƙage mata yatsu. Matar da ke wanki da ruwan tafki a watan Yuli? Na tambaye ta raga, ta ba ni labarin miyar wake. A ƙarshe aka rubuta wai tana nan inda take. Ta ina zan san ita ta faɗa? Wanda ya riƙe biro yana iya rubuta abin da ya ga dama, ya kuma miƙa mata wata takardar ta sa hannu.

Jiya layi ya dawo, na buga. Namiji ya ɗauka. Ya ce, "Tana hutawa." Ƙarfe sha ɗaya na safe! Da ta karɓa kuma ba ta yi minti biyu ba ta ce tukunya na ƙonewa.

Ba zan samu hutu ba sai ƙarshen wata. Don Allah ki je gidan ba tare da kin sanar ba. Ki duba min ita da kyau, ki duba akwatin gwangwanin da ke ƙarƙashin gado, inda takardun fili suke. In kin ga abin da bai kwanta miki ba, kada ki jira ni.

Af, ba ki faɗa min ba, ku taku ragar da ba ku yanka ba, ya ta ƙare?

'Yarki,
Loretta

*

Thulimbah, 25 ga Yuli, 1984

Loretta,

Gaisuwa. Mun wuni lafiya, in dai ana kiran wannan lafiya. Maganar gonarmu ki bar ta, kawunki ba ya son a tayar.

Na je ranar Litinin, ta ƙofar baya. Na same su a kicin, wuta na ci ɓal-ɓal, zafi kamar gidan burodi, amma uwarki tana naɗe da mayafin nan har wuya. Shi kuma yana yanka mata burodi ƙanana-ƙanana kamar mai ciyar da jaririya. Da ya gan ni ya miƙe ya ce, "Sannu da zuwa, Misis Pina, a zuba miki gahawa?" A gidan ƙanena ake min tayin gahawa!

Na ce, "Nerina, cire mayafin nan mana, za ki dahu." Ta ce, "Jikina ne ko naki?" Na miƙa mata kwanon biskit da na kawo, ta karɓa da hagu. Da hagu, Loretta, uwarki da ta sha make miki hannu a kan haka. Hannun dama kuwa ko leƙowa bai yi ba har na tashi. Kin san a ƙauyensu a dama ake sa zoben alkawari, sai an ɗaura aure ya koma hagu. Mace ba ta ɓoye hannu a ɗaki mai zafi sai da dalili. Babanki bai cika shekara biyu a ƙasa ba.

Na ce zan shiga bayi, na zarce ɗakinta. Akwatin yana nan, amma a kulle, mabuɗin kuma ba ya inda ta saba ajiye shi. Ina fitowa na same ta a bakin ƙofa. Ta ce, "Kin samu abin da kike nema, ko in kunna miki fitila?" Na ɗauki kwanona na fita.

Kin ce kada in jira ki, ban jira ba. Daga nan ofishin 'yan sanda na wuce a Stanthorpe. Na gaya wa sajan an lalata dukiyar marigayi, na faɗi sunan wanda aka ga wuƙa a motarsa. Ya yi ta sosa kai yana cewa tsohon ba shi da fitina. Na ce marasa fitinar su ne abin tsoro. Ya ce zai leƙa ranar Alhamis.

Duk abin da na yi, don Turi na yi. Ki yi mana addu'a, shekarar nan ta zo mana da nauyi.

Taki,
Gwaggo Pina

*

Thulimbah, 27 ga Yuli, 1984

Loretta,

Ina gaishe ki. Wannan rubutun kazar nawa ne, da hagu nake yi. Tun safe nake kansa, ki yi haƙuri ki karanta.

Jiya sajan ya zo. Ya zauna a kicin ɗina ya ce, "Clarrie, kai ka yanke ragar nan?" Dowsett ya ce, "Ni ne." Ya ce, "Da izinin mai gona?" Wawan tsohon ya dube ni, ya dubi ƙasa, ya ce, "Rubuta yadda ka ga dama." Yana shirin sa hannu a kan ƙarya saboda ni. Sai na yaye mayafin na ɗora hannuna a kan tebur, da farin ɗorin asibiti har gwiwar hannu. Na ce, "Ga zoben da Pina ke nema."

Ga yadda aka yi. Ranar dusar, gari na wayewa, ya buga min ƙofa ya ce in zo in gani. Raga ta yi ciki, ta sauko har tana shafar kan itatuwa, turakun suna kuka. Ya ce a garinsu ya ga dusa ta rusa ragar da suke sa wa itatuwa don tsuntsaye. Ya ce ƙanƙara gangarewa take yi, amma wannan zama take, tana ƙara nauyi. In ba a yanka ba kafin awa guda, turaku za su karye, wayoyi su tsarge itatuwan gaba ɗaya. Mu nan wa ya san haka? Mun kafa raga mu bar ta rani da damina, ba wanda ya taɓa tunanin abin da zai kwanta a kai. Gida huɗu ya zaga kafin nawa, duk suka yi masa dariya.

Ya ce in ba shi izini ya yanka. Na ce ba baƙon da zai sa wa aikin Turi wuƙa. In za a yanka, ɗan gida zai yanka. Na ɗauko wuƙar babanki ta datsar itatuwa, muka ɗaure a sanda. Sandar ba ta kai ba. Na ɗauko tsani.

Eh, na hau. Ya riƙe min ƙafar tsanin yana ta zagina da turancinsu na Batlow. Duk inda na tsaga, dusa ta zubo min a ka, raga ta yi sama kamar ta yi ajiyar zuciya. Ina yanka ina kuka, don na san kowane ƙulli, ni na riƙa miƙa wa babanki igiyar. Layi goma sha biyu na yi. A na sha ukun tsani ya zame, na faɗi, hannun dama ya karye. Sauran shi ya ƙarasa, ni na ce ya yi, ina zaune a ƙasa. Ban yarda an kai ni asibiti ba sai washegari, don yara sun riga sun zo da buhunansu. Tun da ina faɗin gaskiya, har ni na gangara sau ɗaya da hannun a naɗe.

Itatuwa ɗari shida na babanki suna tsaye. Na Alfio kuwa, raga ta rufta musu da tsakar rana, fiye da rabi sun tsage har gindi. Pina ba ta faɗa miki ba, ko? Kada ki yi mata faɗa. Ta kasa kallon gonarta ne, sai ta koma kallon tawa.

Mabuɗin akwati yana wuyana, filina ba na sayarwa ba ne, shi ma ya sani. Hula kuwa ni na ɗora. Shekara ɗaya da rabi tana rataye a ƙusa ina gaishe ta kowace safiya. Ranar na ga ya kamata ya fito ya ga dusar shi ma.

Ni na roƙi Clarrie ya rufa min asiri, don tsoronki nake ji. Abin kunya ne uwa ta ji tsoron 'yarta, amma haka ne. Na yi alkawari, na karya, kuma ni ba na saɓa alkawari sau biyu. Na sa an sauko min da akwatuna daga saman sif. Ki faɗi ranar, zan shirya. Ba na so, Loretta. Zuciyata ba ta so ko kaɗan. Amma zan zo.

Abu ɗaya ne ban san yadda zan yi da shi ba. Na cika robar askirim da dusar, ta tsakiya mai kyau, na sa a firiza saboda Tessa. Clarrie ya ce ba za ta kai ko garin Warwick na kusa da mu ba za ta zama ruwa.

Hannuna ya gaji. Allah ya yi miki albarka.

Mama

*

Townsville, 1 ga Agusta, 1984

Mama,

Ina gaishe ki. Na karanta sau uku. Na farko na yi fushi, na biyu na yi kuka, na ukun na ƙirga layukan. Goma sha biyu, Mama!

Tun da dusar ba za ta iya zuwa wurin Tessa ba, Tessa za ta zo wurinta. Muna tafe ranar Asabar ta sama, sati uku za mu yi. Lokacin datsa ne, ni zan hau tsani, ke ki zauna a ƙasa ki yi ta gyara min. Ranar da zan tafi zan sa wa tsanin zarto, da hannuna.

Ki ce wa Mista Dowsett rubutunsa ba kyau, kuma ina neman afuwarsa. Ki aika wa Gwaggo miya.

Ki mayar da akwatunan saman sif. A'a, ki sa a mayar miki.

Kada kowa ya taɓa robar nan.

'Yarki,
Loretta